Maginin Da Ba Ya Kwaɓa Ƙasa

A kowane zamani akwai sana'ar da iyaye ba su gane kanta ba, sai dai su zura wa mai yinta ido su ga ko za ta ciyar da shi. A zamanin iyayenmu gyaran rediyo ne da talabijin. A namu kuwa babu wadda ta ɗaure wa dattawa kai kamar ginin shafukan intanet, domin kuwa mai yinta magini ne, amma ba ya kwaɓa ƙasa, ba ya ɗaukar bulo, yana zaune wuri ɗaya tun hantsi har la'asar, sa'an nan ya miƙe ya ce ya gaji alhali ba a ga ko ɗigon gumi a goshinsa ba.

Sana'ar kanta ba ta tsufa ba. A cikin shekarar 1989 ne wani Bature ɗan Ingila mai suna Tim Berners-Lee ya tsara yadda za a haɗa shafuka su riƙa kiran juna, sa'ad da ya ke aiki a cibiyar bincike ta CERN da ke kusa da birnin Janiba, kuma a 1991 aka buɗe abin ga jama'a. Jiharmu ta Gombe, wadda aka ƙirƙiro ran 1 ga Oktoba 1996, ƙanwar wannan fasaha ce da shekara biyar. Wayar salula kuwa sai a 2001 ta shigo Nijeriya sosai. Watau samarin da ke wannan aiki a yau su ne na farko a gidajensu, ba wanda ya gada, ba kuma wanda ya ga ubansa yana yi.

A unguwarmu ta Nasarawo akwai ɗaya daga cikinsu, ƙanin wani abokina ne, kuma ba zan faɗi sunansa ba domin ba ya son haka. Abincinsa yana samuwa ne daga gina wa makarantu masu zaman kansu shafin duba sakamakon jarrabawa, da shirya wa masu kantin magani manhajar lissafin kaya. Wannan aikin neman tuwo ne, ba shi ne ya sa na ɗauki alƙalami ba. Abin da ya ja hankalina shi ne ayyukan da ya ke yi don kansa bayan sallar isha'i, waɗanda ba wanda ya sa shi, ba kuma wanda zai biya shi. Duk sa'ad da muka haɗu sai ya tare ni da “Hamma, zo ka ga inda aka kwana,” ya buɗe kwamfutarsa a kan benci ya shiga ba ni labarin abin da ya ƙara da abin da ya rushe. Shekara biyu ke nan ina karɓar wannan rahoto, kuma a ganina masu karatu suna da haƙƙi a cikinsa, domin babban aikin nasa a kan harshenmu ya ke.

Mai karatu ya san baƙaƙen nan masu ƙugiya, watau ɓ da ɗ da ƙ. A cikin shekarun 1930 aka zaunar da su a rubutun boko, zamanin da Dokta R. M. East ya ke shugabantar Hukumar Talifi a Zariya, kuma jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo da aka fara bugawa a watan Janairun 1939, wadda Abubakar Imam ya zama editanta na Hausa, ta taimaka ƙwarai wajen sabar wa mutane da su. Ba don ado aka yi su ba. Daki dabam, ɗaki dabam. Wanda ya kafa kujera bai taɓa ƙafar kowa ba. Gada tana daji, gaɗa kuwa tana dandali. Bahaushe ya kan gane abin da ake nufi ko an cire ƙugiyar, saboda ya sha harshen a nono, amma yaro ɗan firamare da baƙo mai koyo tuntuɓe su ke yi, na'ura kuwa faɗuwa ta ke yi warwas.

Da kwamfuta ta shigo ofisoshinmu ba ta zo da waɗannan baƙaƙe a kan allon rubutunta ba. A cikin shekarun 1990 Farfesa Abdalla Uba Adamu na Jami'ar Bayero ta Kano ya ƙera salon haruffa guda biyu, Rabi'at da Abdalla, waɗanda suka fitar da marubuta da maɗaba'o'i daga ƙangi. Dabarar da irin waɗannan haruffa suka bi ita ce a ari gurbin wata alamar da Hausa ba ta cika bukata ba, a zana ƙugiya a wurinta. Muddin kwamfutar tana da wannan salon, rubutu zai fito tas. Amma da zarar an kai shi wata na'urar da ba ta da shi, sai alamar asali ta dawo gurbinta. Wannan ne dalilin da ya sa mai karatu ya kan ci karo da }asa a maimakon ƙasa, ko ]aya a maimakon ɗaya, a cikin tsofaffin rubuce-rubucen da aka ɗora a intanet. Maganin dindindin shi ne tsarin Unicode, wanda ya fito a 1991, ya ba kowane harafi na duniya lambarsa ta kansa, har da namu masu ƙugiya. Sai dai an daɗe ƙwarai kafin kwamfutoci da wayoyinmu su kama shi, kuma kafin nan an riga an tara littattafai da kundayen digiri da labaran jarida masu ɗimbin yawa a tsohon tsari.

Aikin farko na wannan ƙane nawa ke nan: wani ɗan shafi da za ka zuba masa tsohon rubutu, ya musanya kowace ararriyar alama da harafinta na gaskiya. A dare biyu ya gama shi. Ni da na sha zama a ɗakin labarai ina bin rubutu layi layi ina gyara irin waɗannan alamomi da hannu, ga edita yana tsaye a kaina ga lokacin buga jarida yana ƙurewa, na san darajar wannan ɗan abu fiye da wanda ya yi shi.

Aiki na biyu shi ne wanda ya hana shi barci har yanzu. Mafi yawan Hausar da ake rubutawa a waya a yau ba ta da ƙugiya ko ɗaya, ko da ya ke allon rubutu irin su Gboard yana da Hausa a ciki ga mai son ya kunna. To, yaya za a koya wa na'ura ta mayar da ƙugiyar da marubuci bai sa ba tun farko? Wani sashe na aikin mai sauƙi ne. Dalibi da kauye da barawo ba su da wata ma'ana sai an sa musu ƙugiya, saboda haka jerin kalmomi kawai ya isa. Wahalar tana ga tagwayen kalmomi. Idan aka rubuta kasa, ƙasar haihuwa ake nufi, ko wanda ya kasa tashi, ko mai kasa tumatir a kasuwa, ko kuwa macijiyar nan mai barci? Idan aka rubuta bata, ɓata lokaci ne, ko “ba ta” ce aka haɗe, kamar yadda samari su ke yi? Tilas na'ura ta dubi maƙwabtan kalmar, ta ƙirga sau nawa aka ga kowace siga a gefen waɗanne kalmomi, sa'an nan ta zaɓi wadda ta fi rinjaye. Kafin ta iya wannan ƙirge kuwa sai an ciyar da ita rubutu mai yawan gaske wanda aka riga aka sa wa ƙugiya daidai. Ga shi kuwa irin wannan rubutu shi ne ya yi ƙaranci, wanda ƙarancin nasa ne ma ya sa ake neman na'urar. Ya ce da ni abin ya zama kamar mai neman fitila a cikin duhu, sai da fitilar zai gan ta.

A nan ne ayyukan biyu suka haɗu, kuma a nan ne na ga basirar yaron. Tsofaffin rubuce-rubucen nan masu alamomin ban dariya, editoci da malaman Hausa ne suka tace su, kowace ƙugiya tana inda ya kamata. Idan aka wanke su da ɗan shafin farko, sun zama abincin na biyu. Saboda haka yanzu ya koma farautar tsofaffin faifan kwamfuta a wurin masu shagon buga takardu da malaman makaranta da suka yi ritaya. Wasu su kan ba shi da murna. Wasu su kan ce sai sun yi shawara, domin suna tsoron kada a kwashe guminsu a sayar, kuma ban ga laifinsu ba.

Ba shi kaɗai ne a wannan fage ba, ko da ya ke daga Nasarawo abin ya kan yi kama da haka. Kamfanin Google ya sa Hausa cikin manhajarsa ta fassara a watan Disamban 2013, Facebook ya bi baya a 2016. Akwai ƙungiyar Masakhane ta masu binciken harsunan Afirka, akwai kuma HausaNLP, inda masana irin su Dokta Shamsuddeen Hassan Muhammad su ke tattara Hausa domin koyar da na'ura. A 2022 suka fitar da tarin da suka kira NaijaSenti, na gajerun saƙonnin Twitter cikin Hausa da Yarbanci da Ibo da Turancin buroka. Gidauniyar Mozilla kuma tana karɓar muryoyin masu sa kai a shirinta na Common Voice, da Hausa a ciki. Tun da ChatGPT ya fito a watan Nuwamban 2022, yaron ya ce aikin da ya kan ci masa mako yanzu ya kan gama shi a yini, domin na'urar tana rubuta masa rabin umarnin da zai ba kwamfuta. Amma da na sa ya tambaye ta wani abu da Hausa, amsar da ta bayar ta yi mini kama da ta baƙon da ya haddace ƙamus bai taɓa zama a zaure ba. Jimlolin daidai su ke, gishirin ne babu.

Akwai kuma aikin da ya mutu, kuma ya kamata a faɗe shi. Ya taɓa shirya shafin da zai riƙa nuna farashin masara da wake da gero na kasuwar Tudun Hatsi kowane mako, domin manomin Kumo ko Dukku ya san abin da ake ciki kafin ya yi lodi. Ginin bai ba shi wuya ba. Abin da ya kashe shi, dole wani ya taka ya je kasuwa ya tambayo, dillalai kuwa ba kowa su ke gaya wa farashin gaskiya ba, manoman da aka yi domin su kuma sun fi gane saƙon murya a WhatsApp daga bakin ɗan'uwansu. Bayan 'yan watanni ya rufe shi.

Sauran abin da ke cin waɗannan ayyuka kuɗi ne da wuta. Kowane shafi yana zaune ne a wani rumbu da ake haya, kuma mafi yawan rumbunan da ake dogara da su da dala ake biyansu. A 2022 bankuna da dama suka dakatar da sayayya a ƙasashen waje da katin naira, sai a 2025 wasunsu suka dawo da ita. A watan Yunin 2023 aka saki naira ta nemi darajarta a kasuwa, dalar da gwamnati ta ke sayarwa wajen naira 460 ta haura 1,500 a farkon 2024, watau hayar rumbu ta ninka sau uku ba tare da an ƙara masa ko taku ɗaya ba. Ran 14 ga Maris 2024 wayoyin intanet na ƙarƙashin teku suka yanke a gaɓar Afirka ta Yamma. Wata guda bayan haka ɓarayi suka kayar da turakun babban layin wuta na Jos zuwa Gombe, muka yi makonni a cikin duhu tare da mutanen Yola da Jalingo. A Janairun 2025 kuma Hukumar Sadarwa ta amince a ƙara kuɗin kira da na data da kashi 50 cikin ɗari. A kwanakin duhun nan na ga yaron yana bin layi a shagon cajin waya da kwamfutarsa a hammata, tsakanin masu ƙananan wayoyi, yana lissafin ko cajin zai kai shi ga gama aikin makarantar da ta biya, balle a yi zancen ƙugiya.

Gwamnati ba ta yi shiru ɗungum ba. Ɗan garin nan, Farfesa Isa Ali Ibrahim Pantami, ya riƙe hukumar NITDA daga 2016 zuwa 2019, ya kuma zama Ministan Sadarwa har 2023, a zamaninsa aka sa hannu a dokar tallafa wa sababbin kamfanonin fasaha a Oktoban 2022. Magajinsa Dokta Bosun Tijani ya ƙaddamar da shirin horar da matasa miliyan uku a 2023. Jami'ar Jihar Gombe da Jami'ar Tarayya ta Kashere kuma suna yaye ɗaliban kimiyyar kwamfuta. Horo abu ne mai kyau. Amma duk waɗannan shirye-shirye an ɗinka su ne a jikin wanda zai kafa kamfani ya ci riba, ko wanda zai sami aiki a Legas ko Turai. Mai gyaran ƙugiya ba shi da abin sayarwa. Da sashen Hausa na ɗaya daga cikin jami'o'in nan biyu zai ba irin wannan aiki masauki a rumbunsa, ya buɗe masa kundayen ɗalibansa na shekaru, da an rage masa rabin nauyi ba tare da an kashe wani abin kirki ba. Mu ma 'yan jarida muna zaune a kan tarin Hausa tatacciya a ɗakunan ajiyarmu, ƙura tana ci.

Rahoto na ƙarshe da ya ba ni a kan 'yan'uwanmu na Nijar ne. Mu a nan mu kan rubuta 'ya'ya da ɗan waƙafi a sama, su kuwa a Maraɗi da Damagaram harafi ɗaya su ke amfani da shi mai ƙugiya, watau ƴ. Yana so ya sa wani maɓalli da mai rubutu zai zaɓi ɓangaren da ya ke so. Matsalar ita ce waƙafin nan na sama yana aiki biyu, shi ne a cikin 'ya, shi ne kuma a cikin sa'a da jama'a, sa'an nan wayoyi su kan lanƙwasa shi hagu ko dama yadda suka ga dama, har ya zama alama uku dabam dabam a idon na'ura. Ya ce zai zauna a kansa da zarar ya gama shafin sakamakon jarrabawar zango na uku, idan kuma ya haɗa kuɗin hayar rumbu kafin wa'adinta ya cika.