Tikitin Jabu A Ƙofar Filin Besbol

Wasan da Amurkawa suke kira besbol bai samu gindin zama a ƙasarmu ba, saboda haka ya kamata in ɗan yi wa mai karatu bayaninsa tukuna. Mutum tara-tara ne a kowane ɓangare. Wani ya jefo ƙwallo da ƙarfin tsiya, wani ya tare ta da kulki, in ya dace ya buge ta sai ya yar da kulkin ya sheƙa a guje, ya bi tashoshin da aka shata a fili har ya komo inda ya tashi, sa'an nan a rubuta wa ƙungiyarsa ci ɗaya. Zagaye tara ake yi, ba a yanke masa minti 90 kamar ƙwallon ƙafa. Babbar gasarsu tana da ƙungiyoyi 30, kowace kuwa wasa 162 take bugawa a kaka guda, rabi a gida rabi a waje. Watau daga bazara har kaka kusan kullum akwai dubban mutane tsaye a ƙofar wani fili da kuɗi a aljihu. Inda irin wannan taro yake kuwa, ba a rasa macuta.

Wannan irin cuta da zan faɗa kuwa, a Satumba na 2024, lokacin da aiki ya kai ni birnin New York domin ɗauko labarin babban taron Majalisar Ɗinkin Duniya, na gan ta da idona. Na sauka a unguwar Bronx, inda Hausawan Ghana da Nijar da Nijeriya suke da yawa, a gidan wani bawan Allah mutumin zangon Kumasi, direban tasi, wanda ya daɗe a can. A unguwar ne filin ƙungiyar Yankees yake, wanda aka buɗe a 2009 kusa da inda tsohon na 1923 yake a dā. Ƙungiya ce da ta ci kofin ƙarshe na gasar har sau 27. Mai masaukina bai san kan wasan ba ko kaɗan, amma ɗansa mai shekara goma sha ɗaya, haifaffen can, ya haddace sunayen 'yan wasa kamar karatun allo. Uban ya yi masa alkawari tun lokacin da ya ci jarrabawa cewa zai kai shi ya gani da idonsa, da na zo kuwa sai ya ce a haɗa da baƙo.

Sun riga ni isa. Kafin in sauko daga jirgin ƙasa har ya gama ciniki da wani mutum mai tsabtar tufafi, sanye da hular ƙungiyar, wanda ya tare shi a bakin titi ya ce abokansa ne suka fasa zuwa. Ya sa dala 100 a kan kowane tikiti, mai masaukina ya taya, aka yi ta ja har aka daidaita a kan 80. Ya ƙirga masa dala 240 lakadan. Da muka haɗu sai ya miƙo mini takardun yana murmushi, ya ce, "Malam, dubi nan. Na murza su, na ɗaga su a haske, ga ranar, ga lambar kujera. Mu da muka tashi a kasuwa ba a yi mana sakiyar da ba ruwa."

Da muka kai ƙofa, ma'aikaciya ta ɗora na'urarta a kan takardar farko, na'ura ta ƙi. Ta gwada ta biyu da ta uku, duk haka. Ba ta ɗaga murya ba, ta ce dai mu koma gefe domin akwai mutane a bayanmu. Yaron ya dubi ubansa ya ce, "Baba, me ta ce?" Alhali kuwa ya fi mu duka jin Turanci.

To, jama'a, abin da ya sa na ga ya dace a rubuta wannan labari shi ne, mutumin nan ba wawa ba ne, kuma ba kwaɗayin araha kaɗai ya ja shi ba. Ya yi duk abin da aka koya mana tun muna yara. Mu a wurinmu ciniki mafi aminci shi ne na ido da ido, ka ga mai kaya, ka taɓa kayan, ka taya, ka biya hannu da hannu. Mukan ce gani ya kori ji. Wanda muke tsoro shi ne wanda ba mu gani, mai neman a turo masa kuɗi ta waya. A ƙofar filin nan kuwa al'amarin a juye yake. Takardar da ke hannunka ba ita ce tikitin ba. Tikitin wata lamba ce da ke ajiye cikin kwamfutar masu fili, zanen baƙaƙen layukan da ke jikin takarda kuwa hanya ce kawai ta kiran lambar. Da zarar an karanta ta sau ɗaya, ta mutu. Saboda haka macuci ba ya bukatar gwanintar masu buga jabun kuɗi. Ya isa ya samu tikiti guda na gaskiya, ko hotonsa, ya buga goma ya sayar wa mutum goma. Wanda ya riga isa ƙofa ya shiga, tara su tsaya a waje, kowa riƙe da takardar da ido ba zai taɓa ganin aibinta ba. Kuma ba za a san gaskiya ba sai a bakin ƙofa, lokacin da mai hula ya daɗe da ɓacewa cikin taro.

Hukuma ba ta yi barci ba. Dokar jihar New York ta hana sake sayar da tikiti a cikin tazarar ƙafa 1,500 daga duk wurin taron da ke ɗaukar fiye da mutum 5,000. A 2016 Yankees ta daina karɓar tikitin da mutum ke bugawa da injinsa a gida, ta ce saboda jabu ne, ko da yake wasu sun ce har da rigimar cinikin da ke tsakaninta da kamfanin StubHub a lokacin. A 2019 kuma kamfanin Ticketmaster ya fito da tikitin waya wanda zanensa ke sauyawa bayan 'yan daƙiƙoƙi, yadda hotonsa ba zai yi amfani ba. Duk wannan daidai ne. Amma a ganina kowace sabuwar dabara tana kare wanda ya riga ya san gari ne, mai katin banki da waya ta zamani da ɗan'uwan da zai nuna masa. Baƙo da dattijo da mai rayuwa da kuɗin hannu, su ne aka bar wa mai hula a bakin titi, shi ma kuwa su yake nema, yana gane su tun daga nesa.

Wani ɗan sanda ya saurare mu cikin ladabi, ya tambayi kamannin mutumin. Mai masaukina ya ce yana sanye da hular ƙungiya. Ɗan sandan ya waiwaya ya dubi taron, kusan kowa da irin hular a kansa.

Muka tsaya jim ba mai magana. Daga nan uban ya nufi tagar sayar da tikiti ta fili, ya ciro katinsa ya sayi guda biyu na can saman bene. Na ce lallai ni zan haƙura su shiga, ko kuwa in biya na uku, ya rantse ba za a yi haka da baƙonsa ba. Ya ce, "Malam, ka shiga da shi. Daren wasa daren fasinja ne, in na fita yanzu zan rage asara." Ya gyara wa yaron hula, ya juya ya nufi inda ya ajiye mota.

Yaron ya zauna kusa da ni har aka tashi, yana yi mini bayanin kowane jifa da kowane bugu. Duk lokacin da fili ya ɗauki sowa sai ya ce, "Kawu, ara mini wayarka," ya ɗauki hoto ya tura wa babansa.