Koton Gashi a Bakin Tekun Sekondi

 Mu 'yan Zangon Sekondi ba masunta suka haife mu ba. Kakanninmu fatake ne, goro da shanu suka kawo su kurmi, waɗansu kuma suka gangaro neman aikin dako bayan da aka buɗe tashar jiragen ruwa ta Takoradi a 1928. Teku na Fanti ne, mu namu sayen kifi a kasuwa. To, yaya aka yi mu huɗu muka wayi gari muna tsintar gashin zakara a mayanka kamar masu haɗa laya? Ga yadda abin ya faru.

Akwai wani tsoho Bafante da ya daɗe yana aikin jirgin ruwa, muna ce masa Egya, watau baba da harshensu. Kullum da sassafe mukan gan shi a kan duwatsun da ke ƙarƙashin Fort Orange yana wurga igiya, ba tana, ba yankan kifi, amma ba ya komawa gida hannu banza. Ran nan muka yi ƙarfin hali muka gaishe shi, muka ce, "Egya, wane magani kake sa wa ƙugiyarka?" Sai ya yi dariya ya buɗe tafin hannunsa. Ƙugiya ce ɗaya an ɗaure mata farin gashi da zare. Ya ce, "'Ya'yana, maganin kenan. Babban kifi ƙaramin kifi yake ci. Ku yi masa ƙaramin kifi."

A wurin Turawa ya ga sana'ar. Su asalinta a rafi suke yi, suna kwaikwayon ƙwarin da ke faɗawa ruwa, daga baya aka kai ta teku. Bambancinta da fatsar da muka sani shi ne koton ba shi da nauyi, nauyin igiyar ne ke ɗaukarsa ya kai shi nesa.

Na farkon da muka ɗaura abin kunya ne. Mun cusa gashi har ya zama kamar tsintsiya, ya sha ruwa ya ƙi tafiya. Ƙugiyoyin rafi muka saya don araha, kafin mako ya zagayo gishiri ya cinye su da tsatsa. Egya ya duba ya ce, "Kun taɓa ganin kifi sanye da babbar riga?" Daga nan ya hana mu ɗauri. Ya ce mu yi mako biyu muna zuwa bakin ruwa mu zauna, mu kalli 'yan kifayen da igiyar ruwa ke korowa. Mun ji haushi, amma mai nema ba ya fushi. A zaman nan muka lura ƙaramin kifi cikinsa fari ne, bayansa da duhu, tsawonsa bai wuce yatsa ba, kuma idonsa ne ke fara ɗaukar hankali.

Ga yadda muke yi yanzu, ko wani zai gwada. A nemi ƙugiyar da ba ta tsatsa, mai lamba 2 ko 1/0. A naɗe ta da zaren ɗinki mai ƙarfi. A ɗaura mata farin gashin wutsiyar akuya kaɗan, shi ne ciki. Mu da Babbar Salla muke tara namu, mu wanke da sabulu mu shanya. A ƙara gashin da aka rina shuɗi ko kore, shi ne baya, sannan siraran zare biyu ko uku masu ƙyalli, daga ledar biskit ma ana yankowa. Ido kuwa, ƙwaya biyu ake gutsurowa daga sarƙar nan ta murfin kwatamin wanke hannu. In an ɗaure su a bayan ƙugiya, nauyinsu sai ya juya ta, tsininta ya kalli sama, ba ta maƙalewa a dutse. Saboda haka farin gashin yana ɓangaren idon, mai duhun yana ɓangaren tsini. Dabarar ba tamu ba ce: wani Ba'amurke, Bob Clouser, ya fito da irin wannan koto a 1987, da idon dalma. A ƙarshe a shafa wa ƙullin man farce na mata don kada ya warware. Inda barakuda ke yawo sai a sa ɗan guntun waya, haƙoransa reza ne. In an dawo gida a ɗauraye komai da ruwan famfo.

Sandarmu ta gwanjo ce, mu huɗu muke karɓa-karɓa. Mai jifa yakan ɗaura robar wanki a ƙugu don tara igiya kada ruwa ya cukurkuɗe ta a ƙafarsa. Yaran unguwa sun sha yi mana dariya, har ranar da muka shigo Zango da kpanla biyu manya. Lokacinmu bayan sallar asuba ne, in teku na cikowa. Ran Talata kuwa, da masu kwale-kwale ke hutawa bisa al'adarsu, mu ma sai mu zauna gida. Baƙo ba ya karya dokar masu gari.

To, ga abin da ya sa muka ɗauki alƙalami. Mai ɗaurin koto dole ya san kifin da yake kwaikwayo, kuma shi ne muke gani yana ƙarewa. Da can, daga Yuli zuwa Satumba, in ruwa ya yi sanyi, eban kan zo tuli har ruwan ya yi baƙi, manyan kifaye na biye. Yanzu sai mu yi kwana uku ba mu ga garke ɗaya ba. Dalilan ba ɓoyayyu ba ne: kwale-kwale sun yi yawa, ana su da fitila cikin dare, ana amfani da taru mai ƙananan idanu, manyan jiragen su kuma sun daɗe suna kwashe 'ya'yan kifin. Har ta kai a 2019 gwamnati ta rufe wa masu kwale-kwale teku wata guda cur. Mu abin sha'awa muka rasa. Matan da ke banda kifi kuwa abincin 'ya'yansu ne, kuma tukunyar kowane gida a Zango ta ji a jikinta.

Egya ya rasu, akwatin kotonsa yana hannunmu. Mun yi wa kanmu doka: kowa kifi biyu, wanda bai kai tsawon kamu biyu ba a mayar da shi. Yaran da ke zuwa koyo kuma, kafin su taɓa zare sai sun yi nasu mako biyun a kan dutse. Makon jiya wani ya dawo ya ce, "Baba, ban ga kome ba." Muka ce ya koma gobe. Allah ya sa ya gani, amin.