Teburin safiya a birnin Gwanzu

 

A shekara ta 2018 Allah ya nufe ni da raka kawuna, ɗan kasuwa a Maraɗi, zuwa Gwanzu, babban birnin kudancin ƙasar Sin, wanda littattafan faransanci ke kira Canton. Muka sauka a unguwar Shiyawbei, inda fataken Afirka suka saba sauka saboda abincin halal. Ranar Juma'a muka yi salla a masallacin da ke jikin kabarin da Musulmin garin ke jinginawa ga Sahabi Sa'adu ɗan Abi Waƙƙas, Allah ya ƙara masa yarda, ko da yake malaman tarihi sun tafi a kan cewa a Madina aka binne shi. Sai dai abin da na fi son ba ku labarinsa, a wani lambun shaƙatawa na gan shi, kusa da masaukinmu.

Bayan sallar asuba nakan fita miƙe ƙafa. A lambun akwai teburan ƙwallon tebur jere a gindin itatuwa, ba mai karɓar kuɗi, ba mai tsaron ƙofa, masu wasan kuwa galibi tsofaffi ne, maza da mata. Wasan yana da girma a idon mutanen Sin tun 1959, lokacin da Rong Guotuan, wanda ya yi wasa a wannan birni, ya zama ɗan ƙasar na farko da ya ci gasar duniya. Kwana biyu ina tsayawa nesa ina kallo. A rana ta uku wani dattijo mai furfura ya yafito ni, ya miƙo mini raket ɗinsa na biyu.

Ba na jin harshensa, ba ya jin nawa. Ya kama yatsuna ya gyara mini riƙo irin nasu, kamar yadda ake riƙe alƙalami, har na tuna ranar da gardi ya fara kama hannuna a kan allo. Sannan ya shiga turo mini ƙwallo a hankali, wuri ɗaya, ba murɗi, ba ƙidaya. In na doka ta tafi cikin ciyawa, sai ya zaro wata daga aljihu. Da muka kai bugu goma ba ta faɗi ba, ya ɗaga babban yatsa, tsofaffin da ke gefe suka tafa. Bayan na koma gefe wani tsaransa ya shigo, sai ga ƙwallo tana tafiya kamar walƙiya. A nan na gane gwani ne ya sassauta hannunsa domina.

Wannan ya tayar mini da wani tsohon abin kunya. A gidan matasa na unguwarmu, muna yara, tebur ɗaya ne, dokarsa kuma ɗaya: wanda ya ci ya tsaya, wanda aka ci ya fita. A ido adalci ne, amma a gaskiya gwanaye uku ne ke cinye yammacin, sabon shiga kuwa ya jira awa guda domin a kunyata shi. A zamanin ma wasa maki 21 ne. Tun 2001 da aka mayar da shi 11, kafin baƙo ya gane inda ƙwallo ke sauka an sallame shi. Ƙanena ya taɓa bina, aka yi masa bugun murɗi ya kasa tare ko ɗaya, aka kwashe da dariya. Ina cikin masu dariyar. Bai sake zuwa ba. Alhali a gidanmu muka tashi muna ganin mahaifinmu yana taƙaita karatu in ya ja salla, saboda tsoho da mara lafiya da ke bayansa.

Da na dawo, muka sa kafinta ya yi mana tebur, tsawo mita 2,74, faɗi mita 1,525, muka ajiye shi a farfajiyar ƙungiya. Ran Asabar, daga la'asar zuwa magariba, rabin awan farko na sababbi ne: ba a ƙidayar maki, kowane gwani ya ɗauki yaro ɗaya, kuma raket na kowa ne, domin kada rashin kuɗi ya hana ɗan talaka. Safiyar Lahadi ta ƴan mata ce, iyayensu mata na zaune tare da su. Wasu gwanaye sun yi gunaguni, biyu ma sun daina zuwa, kuma ban ga laifinsu ƙwarai ba, don sassauta hannu ya fi cin wasa wuya.

Ƙanena yanzu magidanci ne, na gayyace shi sau uku yana cewa aiki ya yi masa yawa. Amma Asabar ɗin da ta wuce ya turo ɗansa, ɗan shekara 8, kuma ni na tsaya masa a ɗaya gefen tebur, aljihuna cike da ƙwallaye.