Kafin a Ja Mota, Wa Ya Shiga Ƙarƙashinta?

A arewacin Jamus, idan Nuwamba ya kama, ƙarfe huɗu da rabi na yamma duhu ya riga ya sauka. A irin wannan lokacin ne wata tsohuwar DAF ta mace mana a kan babbar hanyar A1, tsakanin Bremen da Hamburg. Kan tirela ne ba wutsiya, na saya wa yayana, za mu kai ta tashar jiragen ruwa a loda ta zuwa Legas. Direban da na ɗauka mutumin Zangon Kumasi ne, ya fi shekara ashirin a Hamburg, Hausarsa kuma tana nan garau. Injin ya yi tari sau biyu, ya ɗauke. Da sauran gudun da ya rage ya gangara da ita gefen titi.

Abin da ya fara zuwa mini shi ne abin da na tashi na gani ana yi. Na ce mu kira wani abokinmu mai babbar mota ya zo da sarƙa, tunda tashar ba ta da nisa. Direban ya dube ni ya yi dariya, ya ce, "Malam, nan ba hanyar Zariya ba ce. Sa rigarka mai ƙyalli, mu tsallaka bayan ƙarfen nan mu jira janwe."

Janwen ta iso bayan kusan awa ɗaya. Na ɗauka da zuwan mai janwen zai ɗaura mu wuce, don sanyi ya fara cin yatsuna. Ina! Sai da mutumin ya shafe minti arba'in bai ja komai ba. Ya fara da sa waigi gaba da bayan taya. Ya jawo tiyon iska daga motarsa ya jona wa tamu. Sannan ya kwanta a kan wani faifai mai ƙananan tayoyi, fitila ɗaure a goshi, ya shige ƙarƙashi. Na durƙusa ina leƙensa. Ya je wajen da farfela ta haɗu da aksil na baya, ya ciro alli ya ja layi guda a kan bakin haɗin, rabi a wannan ɓangare rabi a wancan. Ya kwance notuna huɗu, ya ture farfelar gefe, ya ɗaure ta da bel a jikin shasi har sai da ya girgiza ta ya ga ba ta motsi. Notunan ya zuba su a leda, ya ajiye a kan kujerar direba.

Da ya fito na tambaye shi, da ɗan Jamusancin da nake da shi, me ya kawo wannan wahala alhali motar tana firi. Bai ko ɗago kai daga goge hannu ba ya ce, "Firi ta raba inji da taya. Ba ta raba taya da giyabos ba."

Na daɗe ina juya wannan magana. Ga yadda abin yake. A giyabos na babbar mota akwai shaf na sama, wanda ƙarshensa ke haɗe da farfela, akwai kuma na ƙasa, wanda haƙoransa ke nutse a cikin man giya. Inji ne ke juya na ƙasan. Idan yana juyawa, shi ke watsa mai sama ya jiƙa boris da haƙora, a wasu giyabos ɗin ma har da ɗan famfon mai da ke samun ƙarfinsa daga can. To idan inji ya mutu aka ja mota tayoyin baya na ƙasa, sai aiki ya juye. Taya ta juya aksil, aksil ya juya farfela, farfela ta juya shaf na sama, shi kuwa na ƙasa yana zaune shiru a cikin mai. Man yana nan cike, ba a rasa ko cokali ba, amma babu mai ɗaga shi. Ƙarfe na gugar ƙarfe a bushe, kilomita bayan kilomita. Shi ya sa kamfanonin da ke ƙera giyabos, irin su ZF na garin Friedrichshafen a nan Jamus da Eaton da Allison na Amurka, suke rubutawa a littattafansu cewa a cire farfela ko a zare shaf na tayoyin baya kafin a ja mota.

Abin da ya fi damuna shi ne wannan ɓarna ba ta da ƙara a ranar da aka yi ta. A tsaye a gefen titin nan na tuna motar kawuna. Ina saurayi, gingimarinsa ta lalace kusa da Mararrabar Jos, dare na gabatowa. Aka sami wata mota mai komawa Kano babu kaya, aka yi ciniki, aka haɗa su da sandar ƙarfe, aka jawo ta har gida. Kowa ya yi hamdala. Bakanike ya gyara injin, mota ta koma hanya. Ba a yi wata biyu ba giyabos ya fara kuka, daga baya ya kama gaba ɗaya. Kawu ya ɗora laifin a kan direba, wai ba ya sa giya da hankali, har ya sallame shi. Wasu suka ce ai dama giyabos ɗin ɗan Beljiyam ne, ya gaji tun daga can. Aka tafi Ƙofar Ruwa neman wani. Babu wanda ya tuna da daren da aka jawo ta kusan kilomita ɗari biyu farfela na ta wulwulawa. Ba zan rantse cewa jan ne kaɗai ya kashe shi ba, amma yau na fi zargin sandar ƙarfen nan fiye da direban da ya rasa abincinsa.

Kada mai karatu ya ɗauka ina cewa Bature ya san abin da bakanikenmu bai sani ba. Tsofaffin masu gyaran manyan motoci a Fanteka da Tafa sun san zancen farfela sarai, wasunsu ma za su iya harhaɗa giyabos ido rufe. Matsalar ita ce a lokacin da mota ta mutu a daji, ba su ne a wurin ba. Direba ne da karen mota, sai mai mota a waya yana tambayar yaushe kaya za su isa. Kuma gaggawarmu tana da dalili. Ni na tsaya awa biyu a gefen titin Jamus, abin da kawai na ji tsoro shi ne mura. Wanda motarsa ta mutu a wasu hanyoyinmu bayan magariba, da buhunan mutane a baya, lissafinsa daban ne: giyabos ana sayen wani, rai kuwa babu na Beljiyam. Wanda ya karyo ganye ya jera a titi a madadin alamar gargaɗi, ya tsayar da ɗan'uwansa direba suka ja juna zuwa gari mafi kusa, bai yi wauta ba. Akwai ma wani abu da muke da shi wanda Turawa suka rasa, wato taimakon juna a hanya. A nan motoci ɗari za su wuce ka babu mai rage gudu, don kowa ya san akwai wanda ake biya ya zo. Kuɗin da na biya janwen a daren nan kuwa, da na faɗa wa yayana a waya sai da ya yi salati.

A nan dokar hanya ta shiga zancen ja dalla-dalla. Idan mota ta mutu a babbar hanya aka ja ta, dole a sauka a mafita ta farko. Ba a shiga babbar hanya da motar da ake ja. Motocin biyu duk su kunna fitilar gargaɗi. Tazarar igiya ko sanda tsakaninsu kada ta wuce mita 5. Ƙungiyar masu motoci ta ADAC, wadda aka kafa tun 1903, tana da motocin agaji masu launin rawaya da ke yawo a hanyoyi, har ana kiran ma'aikatanta mala'iku masu ruwan ɗorawa. Sai dai a ganina ba doka ce ta sa mutumin nan kwanciya a kan kwalta mai sanyi ba. Abin da ya tura shi ƙarƙashin mota shi ne sanin cewa idan giyabos ya ƙone a hannunsa, kamfaninsa ne zai biya, kuma akwai takarda da sa hannunsa a kai. A wajenmu wanda ya ja ka taimako ya yi maka, ko da ka ba shi na mai. Wa zai koma bayan wata biyu ya ce wa wanda ya cece shi a daji ya biya shi giyabos?

Akwai kuma wani abu da ya canja a ƙarƙashinmu ba mu lura ba, wato motocin kansu. Al'adarmu ta ja da igiya ta ginu ne a zamanin Fijo 404 da 504, waɗanda aka fara harhaɗawa a Kaduna a 1975. Ƙananan motoci ne masu giyar hannu, suna jure a ja su a firi zuwa gareji ba tare da wani abu ya faru ba. Mun koyi darasi daga motoci masu haƙuri, muka ɗauka duk mota haka take. Yau titunan Kano da Maraɗi cike suke da motoci masu giyar otomatik. Irin wannan giyabos famfo ne ke tura masa mai, famfon kuma inji ne ke juya shi. Inji ya tsaya, mai ya tsaya. Littattafan motoci da yawa na Turai sun ƙayyade cewa idan ja ya zama dole, kada gudu ya wuce kilomita 50 a awa, kada nisa ya wuce kilomita 50, wasu kuma sun hana sam. Sau nawa ka ga an ɗaura wa Camry igiyar rijiya ana sheƙa gudu da ita daga wannan gari zuwa wancan?

Motoci masu ja da ƙafa huɗu sun fi wannan tsada. Irin su Land Cruiser da ke jan tayoyi huɗu kullum, idan aka ɗaga gabanta aka bar baya na gudu a ƙasa, na'urar da ke raba ƙarfi tsakanin gaba da baya ce za ta sha wuya, don ana tilasta mata aikin da ba a ƙera ta dominsa ba. Maganinta a ɗora ta gaba ɗaya a bayan mota mai shimfiɗa, kuma a nan kusan duk ƙaramar mota haka ake ɗaukar ta. Masu lantarki ma da suka fara shigowa ƙasashenmu haka ne, Tesla ta hana a ja motarta tayoyi na juyawa a ƙasa. Su ma manyan motocin da muke saye daga Turai yanzu, Actros da sababbin DAF da MAN, da yawansu kwamfuta da iska ne ke sa musu giya. Idan batir ya mutu ko iska ta ƙare, ba ka ma da tabbacin tana firi ko tana cikin giya.

Zancen iska ya dawo da ni ga tiyon da mutumin ya fara jonawa. Birkin babbar mota ba kamar na ƙarama ba ne. A cikin tukunyar birkin baya akwai wani ƙaton sifirin da iska ke dannewa. Iska na raguwa, sifirin zai saki ya damƙe tayoyi. Inji a mace ba ya tara iska, don haka ko dai a ba ta iska daga motar da ke ja, ko a ɗaure sifirin ɗin da dogon notin da aka yi domin haka. Wanda ya ɗaure shi ya sani cewa motar ba ta da sauran birkin tsayuwa, kuma irin wannan mota sarƙa ko igiya ba ta isa ba, sai sandar ƙarfe, in ba haka ba a gangare na farko za ta hau bayan mai jan ta. Ita tukunyar kuwa ba abin da yaro zai buɗe da guduma ba ce, ƙarfin sifirin ɗin yana kisa. Sitiyari ma, da inji ya mutu, sai ya koma kamar an zuba masa siminti.

Cire farfelar kansa yana da ladabi. A gefen aksil ake kwance ta. Wanda ya kwance ta a gefen giyabos ya bar ta manne da aksil, za ta ci gaba da juyawa tana dukan duk abin da ta samu. Layin allin nan kuma ba ado ba ne, shi zai sa a mayar da ita yadda take, kada mota ta dawo tana karkarwa. Waigin da ya fara sawa shi ne mafi muhimmanci. Mota idan tana tsaye a giya, farfela ce ke riƙe da ita, kana kwance noti na ƙarshe za ta gangara, kai kuma kana ƙarƙashi. Masu motar Kanta su ƙara kula, don a yawancinsu birkin hannu a bayan giyabos yake, yana kama farfela ne ba taya ba, ka cire ta ka cire birkin. Idan kuma shaf na tayoyi aka zare, a toshe bakin da wani abu mai tsabta, kada mai ya zube ƙura ta shiga.

Duk abin da mutumin nan ya yi amfani da shi a ƙarƙashin motar, ban da iskar da ya ba ta, bai wuce sifana da alli da bel da waigi ba. Babu ɗaya da ba ya cikin akwatin kowace tirela da ke kwana a Mararraba. DAF ɗin ta isa Legas, aka gyara famfon manta, yanzu tana jigila tsakanin Kano da Fatakwal da giyabos ɗinta na asali. Ranar da za ta fara fita na kira yayana na ce, "Yaya, don Allah ka haɗa ni da direban da yaronsa." Abu ɗaya na roƙe su, shi nake roƙon duk mai mota da ke karanta wannan: in wuri ba lafiya, ku ja ta a hankali zuwa gari mafi kusa, ba laifi. Amma da kun isa inda akwai haske da mutane, ku tsaya, a sa waigi, a sauke farfela, sannan a kama doguwar hanya.