Tuwon Da Ban Biya Ba

Ɗalibaina sun sha yi mini ba'a cewa Malam ba ya ba da labarin wani gari sai ya fara da abincinsa. Ban musa ba. Na ci soyayyen kifi a bakin gadar Wudil, na sha fura da nono a Babaldu, na kuma ci gurasa da ƙuli a gindin Dutsen Mesa ranar da muka kai 'yan aji uku ganin zanen shanun nan na mutanen da. Amma abincin da ya fi zauna mini a rai ba a kasuwa na saye shi ba.

A watan Agusta na 2012 ne, cikin azumin Ramadan, na tashi daga Birnin Kudu zan je Gwaram yi wa wani abokin aikina ta'aziyyar mahaifinsa. Ba mu ci rabin hanya ba motar ta yi tari ta tsaya. Direba ya buɗe gaba ya leƙa, ya ce fanbel ne, ya hau acaɓa ya koma nemowa. Ga hadari ya haɗu a gabas, ga rana tana shirin faɗuwa.

Sai na faɗi gaskiya, tsoro ya kama ni. Shekarar nan ba ta yi wa kowa daɗi ba. Tun harin da aka kai Kano ranar 20 ga Janairu, mutum ya kan auna bakinsa a cikin mota, bai san wanda ke gefensa ba. Ni kaɗai ne Kirista a cikin fasinjoji, ga shi dare zai same ni a ƙauyen da ban san ko sunansa ba.

Wani dattijo ya fito daga gonar gero da fartanya a kafaɗa, ya ce mu duka mu bi shi kafin ruwa ya sauko. Aka shimfiɗa mana tabarma a zaure. Da aka kira sallar magariba aka kawo kunun tsamiya da ƙosai, ni kuwa na noƙe a lungu. Ya ce, "Malam, bismilla mana." Na ce, "Baba, ai ni ban yi azumi ba, ni Kirista ne." Ya dube ni, ya ce, "To ɗana, Kirista ba ya jin yunwa ne?" Zaure ya ɗauki dariya, ya miƙo mini ludayi.

Bayan sun idar da salla tuwo ya iso. Tuwon dawa ne da miyar kuka, ba nama, sai daddawa da barkono da ɗan man shanu da aka ɗiga a kai. Mu bakwai muka sa hannu a akushi biyu. Ana ruwa kamar da bakin ƙwarya, tuwon yana tururi, ni kuwa ina ta kai loma, na manta da wani tsoro. Wanda ya tashi a karkara ya san watan Agusta: tsohon hatsi ya kusa ƙarewa a rumbu, sabon gero bai nuna ba. Sai da na ƙoshi na lura da yara uku a bakin ƙofa suna kallon akushin. Tuwonsu muka ci. An mayar musu da ɗan abin da muka rage, da ƙanzo.

A nan na yi wautar da har yau nake jin kunyarta. Na zaro naira ɗari biyar na miƙa masa a gaban mutane. Fuskarsa ta canza. Ya ce, "Ɗana, nan gida ne, ba tasha ba." Na mayar da kuɗina aljihu, na rasa inda zan sa idona.

Direba ya dawo wajen ƙarfe tara, muka kama hanya. Bayan Kirsimeti na sake bi ta wurin da sabulu da sukari, na aika wa uwargida ta hannun yara, don na san in na ba shi da kaina ba zai karɓa ba. Ya rako ni har bakin titi, ya ɗora mini damin gero a bayan babur, ya ce in gaida mutanen gida.