Ɗanɗanon da babu namansa a faranti

Jama'a, duk sanda wani kamfani ya saki bidiyon gwajin sabon gem, sai in ga matasanmu sun cika Facebook da "wallahi ba ka bambance shi da fim", wasu har sun fara tambayar farashin PS5. Bari in faɗi nawa ra'ayin kafin wani ya sayar da wayarsa ko ya ciwo bashi.

Mu ɗauki wanda ya fi tashe, wato The Matrix Awakens. Kamfanin Epic Games na Amurka ne ya sake shi kyauta a watan Disambar 2021, a kan PS5 da Xbox Series X da S. A farkonsa Keanu Reeves ne ke magana, sai ka rasa gane inda mutum na gaske ya tsaya da inda kwamfuta ta karɓa. Daga nan a sake ka cikin wani ƙaton birni mai gine-gine kusan 7,000, ga dubban motoci da za ka iya shiga ka tuƙa. Fasahohi biyu ne suka ɗauki nauyin abin. Nanite na ba na'ura damar zana gini da duk ƙananan bayanansa ba tare da ta shaƙe ba, Lumen kuma na lissafa yadda haske ke dukan bango ya dawo, nan take. Ni kam ba na musun aikin, an yi ƙoƙari.

Amma fa ba gem ba ne. Bayan 'yar tseren mota da harbe-harbe na wasu mintuna, sai yawo kawai. Talla ce ta Unreal Engine 5, manhajar da Epic ke so masu ƙera gem su yi aiki da ita, kuma ta zo daf da fitowar sabon fim ɗin Matrix. Mai kilishi idan ya ba ka ɗanɗano, daga farantin da zai yankar maka ne. Nan kuwa sai ka ɗanɗana ka ce a ba ka na dubu biyu, a ce maka ai ba a ko yanka saniyar ba.

Ba yau aka fara ba. A 2012 Ubisoft ya nuna Watch Dogs kowa ya riƙe baki, da gem ɗin ya fito a 2014 masu wasa suka yi ta ƙorafin hotonsa bai kai na nunin ba. Ko a Yunin 2025 da aka nuna gwajin The Witcher 4 a kan PS5, kamfanin CD Projekt na Poland da bakinsa ya ce gwajin fasaha ne, ba ainihin gem ɗin ba. Dalilin a fili yake: a gwaji, duk ƙarfin na'ura ana zuba shi a kan kyan hoto, cikakken gem kuwa sai an raba ƙarfin nan da labari da abokan gaba da sauran hidimomi.

Sannan kyautar ma aro ce. A watan Yulin 2022 aka cire The Matrix Awakens daga shagon intanet, wanda bai riga ya saka shi a asusunsa ba ya rasa. Na P.T. ya fi ciwo. Konami ya sake shi kyauta a PS4 a 2014, da aka fasa yin Silent Hills sai aka janye shi a 2015, har wanda ya taɓa saukewa ya goge bai iya sake saukewa ba. A wurinmu kuma, ina kyauta a abin da sai ka ƙona data ta sama da GB 20, ga kuɗin man janareta?

Abin da nake gani kyauta ta gaske shi ne ita manhajar. Unreal Engine 5 kowa na iya saukewa ya koya, Epic ba ya karɓar kasonsa na kashi 5 cikin 100 sai gem ɗinka ya kawo sama da dala miliyan 1. Har birnin nan sun sake shi a Afrilun 2022 don masu koyo su buɗe su ga yadda aka gina shi. Tana son kwamfuta mai ƙarfi, wannan gaskiya ne. Amma matashin da ya tara kuɗin PS5, ina ganin ya dace ya tsaya ya auna: na'urar kallo zai saya ko ta koyon sana'a?

Kai kuma mai gidan gem, tambayi kanka me yaran unguwa ke biya su buga. Ƙwallo ce dai, safe da yamma. In za ka sayi sabuwar na'ura, saya don gem ɗin da ya riga ya fito, wanda ka ga wani yana bugawa da idonka. Masu gidajen gem da ke nan, ku faɗa mana, wa ya taɓa biyan ku don ya zaga birnin Matrix?