Ruwa Ba Ya Jiran Magini

'Yan'uwana mata, gidan ƙasa ba tsufa ke kashe shi ba, ruwa ne. Ku dubi Gidan Ɗan Hausa a Kano, inda aka fara makaranta a 1909, har yau yana tsaye.

Gidanmu kakan babana ya gina shi. Bara soron kakata ya fara yoyo, yayyena suka ce a rushe, a kafa kwano. Tsohuwa ta ce sai dai a fitar da gawarta. Na tsakuri albashina na koyarwa, na nemo tsohon magini. Ya tarar azara lafiya lau, ashe indararo ne ya toshe, ruwa ya kwanta. Ya sa dogo, ya yi yaɓe da makuba, ya yashe rariya har waje. Ya hana mu siminti, don yakan riƙe laima a bango.

To, mu ke wuni a ɗakunan nan, mu ke fara ganin tabo. Mu yi magana tun rani, kafin hadari ya haɗo. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.